Lambar Kundi da Adana Mujallun Ilimi a Zamanin Intanet: Darasi daga Madogaran Tarihin Rano da Kibiya

Tsakure

Mujallun ilimi na jami'o'in Arewacin Nijeriya sun koma fitowa a intanet, wasu tare da bugun takarda, wasu kuwa a intanet kaɗai. Wannan maƙala ta dubi dangantakar da ke tsakanin tsarin lambar kundi da fitowa, da kuma wanzuwar mujalla na dogon zamani. An ɗora nazarin a kan maƙalu uku waɗanda mai binciken tarihin kudancin Kano, musamman ƙasar Rano da Kibiya, yakan nemi ya karanta: fassarar Tarihin Kano ta Palmer (1908), da maƙalar Muhammad Al-Hajj (1968), da ta Murray Last (1979). An gano cewa maƙalu biyu na ƙarshe suna ɗauke da lambar kundi da ta fitowa iri ɗaya a mujalla ɗaya, saboda sake ƙidaya da aka yi. Haka kuma an gano cewa taskokin adana mujallu na duniya da lambar kundi suke lissafa abin da suka ajiye, don haka mujallar da lambobinta suka rikice ba a iya tantance abin da ya ɓace daga cikinta. Maƙalar ta ba da shawarwari ga editocin mujallun Hausa a kan ƙidaya, da rajistar fitowa, da haruffa masu lanƙwasa, da ajiya a taska fiye da ɗaya.

Fitilun Kalmomi: Mujalla, Kundi, Fitowa, Adanawa, Intanet, Rano, Kibiya

1.0 Gabatarwa

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma tarihinta ya sake zama abin tattaunawa a fili tun daga shekarar 2019, lokacin da gwamnatin Jihar Kano ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, ciki har da ta Rano. A watan Mayu na 2024 aka soke wannan doka, sannan a watan Yuli na wannan shekara aka sake kafa Masarautar Rano a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. A duk tsawon wannan muhawara, kowane ɓangare yakan kafa hujja da tarihi. Hujjar tarihi kuwa ƙarfinta yana ga madogara, kuma madogarar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ya duba da idonsa ba, ƙarfinta bai wuce na jita-jita ba.

Mafi yawan abin da masana suka rubuta a kan kudancin Kano yana warwatse ne a cikin mujallun ilimi. Malamin makaranta a Kibiya, ko ɗalibin babban digiri da ke zaune a Rano, idan ya ci karo da sunan wata maƙala a ƙarshen wani littafi, abubuwa huɗu ne za su kai shi gare ta: sunan mujalla, da lambar kundi, da lambar fitowa, da shekara. Idan ɗaya daga cikinsu ya rikice, to nema ya yi wuya. Idan kuwa duk sun daidaita amma mujallar ta ɓace daga ɗakin karatu ko daga intanet, to adireshi ne aka ba shi na gidan da ya rushe. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waɗannan matsaloli biyu, wato rikicewar lamba da ɓacewar mujalla, a ɗaure suke da juna, kuma ba a magance ta biyun sai an gyara ta farkon.

1.1 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyar kwatanci. An ɗauki maƙalu uku da suka shafi tarihin kudancin Kano, aka dubi tsarin ƙidayar mujallun da suka fito a cikinsu. Daga nan aka auna wannan da ƙa'idojin da hukumomin rajistar mujallu da taskokin adanawa suke aiki da su, tare da sakamakon wasu bincike uku da aka wallafa a kan ɓacewar rubuce-rubucen ilimi daga intanet.

2.0 Ma'anar Kundi da Fitowa

A al'adar mujallun ilimi, fitowa ita ce bugu ɗaya da ake fitarwa a lokaci ɗaya. Kundi kuwa shi ne tarin fitowar da aka yi a wani ƙayyadadden lokaci, galibi shekara ɗaya. Asalin wannan tsari daga ɗakin karatu yake: idan shekara ta ƙare, sai a tattara fitowar shekarar a ɗinke su wuri ɗaya, a yi musu bango, a rubuta lamba a ƙeyar littafin. Wannan ne ya sa mujallu da yawa suke ci gaba da ƙidayar shafi daga fitowa ta farko har zuwa ta ƙarshe a cikin kundi ɗaya.

A Hausa, ba a riga an tsaya a kan kalma ɗaya ba. Wani marubuci ya ce kundi, wani ya ce juzu'i, wani ya ce mujalladi. A ɗaya ɓangaren kuma ana samun lamba da fitowa. Ita kalmar kundi tana da wani nauyin daban, domin da ita ake kiran kundin digiri, da ita kuma ake kiran kundin malami na asirai. Wannan saɓani ba illa ba ne a zancen baka, amma a wajen cike bayanan mujalla a kwamfuta yakan sa a saka lambar fitowa a gurbin ta kundi. A wannan maƙala an zaɓi kundi da fitowa.

Malaman zaure sun daɗe da sanin wannan matsala ta wata fuska. Littattafan hannu na ƙasar Hausa warƙoƙi ne a sake, ba a ɗinke su, a gafaka ake ajiye su. Don kada su cakuɗe, mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan warƙar da ya gama. Da wannan kalma ake mayar da littafi daidai idan iska ta watsa shi, kuma da ita ake gane cewa wata warƙa ta salwanta. Aikin da lambar kundi da ta fitowa suke yi ke nan: suna jera abin da ke akwai, suna kuma tona asirin abin da babu. Wanda ya ga kundi na 4 da na 6 a kan kanta ya san akwai na 5 da ya kamata a nema.

3.0 Madogarai Uku na Tarihin Kudancin Kano

3.1 Fassarar Palmer ta 1908

H. R. Palmer ya wallafa fassarar Ingilishi ta Tarihin Kano a mujallar Journal of the Royal Anthropological Institute ta Landan, kundi na 38, a shekarar 1908. A cikin wannan tarihi ne aka kawo labarin Sarkin Kano Yaji, wanda Palmer ya ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, da yadda ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, da zuwan Wangarawa daga Mali, da yaƙin Santolo. Duk mai rubutu a kan dangantakar Rano da Kano yakan faro daga nan.

Ita kanta wannan mujalla ba ta tsira daga sake ƙidaya ba. Ta fara fitowa a 1872, aka ƙara wa sunanta kalmar sarauta a 1907, ta ci gaba har kundi na 95 a 1965. A 1966 aka haɗe ta da mujallar Man, aka faro sabon jeri daga kundi na 1 da sunan Man. A 1995 aka dawo da tsohon suna, aka sake farowa daga kundi na 1. A bisa wannan ƙidaya, 2024 ita ce kundi na 30, kuma idan aka ci gaba a haka, a 2032 za a sami wani kundi na 38 ban da na Palmer.

Duk da haka, mai nema yakan sami maƙalar Palmer cikin 'yan mintoci. Dalili shi ne kowane sauyi an rubuta shi: an san shekarar da tsohon jeri ya tsaya, da lambar da ya tsaya a kanta, da sunan da ya gaje shi. Kowane jeri yana da rajistarsa daban, kuma taskar JSTOR ta ɗauki hoton shafukan ta jera su bisa wannan tsari, ta kuma nuna wanda ya gaji wani. Bayan haka, matanin bai tsaya a wuri ɗaya ba. Palmer ya sake buga shi a littafinsa Sudanese Memoirs a 1928, kuma an fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Abubuwa biyu ne suka tsare shi: rubutaccen tarihin ƙidaya, da yawan kwafi a hannun mutane daban-daban.

3.2 Kundi na 1, Fitowa ta 4: Maƙalu Biyu, Adireshi Ɗaya

Mujallar Kano Studies ta fara fitowa a 1965 daga Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda a lokacin reshe ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. A 1968 ta fitar da maƙalar Muhammad Al-Hajj a kan wani littafin Larabci na ƙarni na 17, Aslul Wangariyyin, mai bayanin asalin Wangarawa da aikinsu na yaɗa Musulunci. Masana suna ambaton wannan maƙala da kundi na 1, fitowa ta 4.

Bayan tsaiko, mujallar ta dawo a 1973 da sabon jeri, aka sake farowa daga kundi na 1, fitowa ta 1. Wannan kundi na farko bai cika ba sai a 1979, lokacin da kwalejin ta riga ta zama Jami'ar Bayero tun 1977. A fitowar 1979 ne Murray Last ya wallafa maƙalarsa a kan tsarin matsugunan Santolo da Fangwai a farkon tarihin Kano. Lambarta ita ma kundi na 1, fitowa ta 4. Abin da ya raba su a rubuce shi ne shekara, da haruffa biyu, N.S., masu nuna sabon jeri.

Abin lura shi ne maƙalun biyu sun haɗu a fage ɗaya. Tarihin Kano ya danganta cin Santolo da taimakon Wangarawa a zamanin Yaji, a ƙarni na 14. Littafin da Al-Hajj ya fitar kuwa ya kai isowar Wangarawa Kano zuwa zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tsakanin riwayoyin biyu akwai tazarar kusan shekara 100. Last kuma ya dubi duwatsu da kufai na kudancin Kano don fahimtar ƙarfin da Santolo take da shi kafin faɗuwarta. Mai binciken tarihin Rano da Kibiya yana buƙatar duka biyun, kuma zai ambace su a shafi ɗaya. Idan haruffan nan biyu suka faɗi a wajen buga rubutu, ko wani ya kwafi ambaton daga wani ba tare da ganin asali ba, sai ma'aikacin ɗakin karatu ya miƙo wa mai nema fitowar 1968 alhali ta 1979 yake so. Ɗan Adam yakan gane kuskuren idan ya buɗe. Kwamfuta kuwa, idan aka ba ta sunan mujalla ɗaya da lambobi iri ɗaya, tana iya ɗaukar ɗayan a matsayin maimaici, ta ajiye ɗaya ta bar ɗaya.

Akwai darasi na biyu. Kundin da ya ɗauki shekara 7, daga 1973 zuwa 1979, ya karya zaton da ake yi cewa kundi ɗaya shekara ɗaya ne. Ma'aikacin da ke lissafin abin da ɗakin karatunsa ya mallaka ba zai iya sanin ko akwai fitowar 1975 ko 1976 da ya rasa ba, sai idan yana da cikakken jerin abin da aka buga.

3.3 Harsunan Nijeriya: Ɗorewar Ƙidaya

Mujallar Harsunan Nijeriya, wadda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta fara fitarwa a 1971, ta bi wata hanyar. A shekarunta na farko kundi ɗaya take fitarwa a shekara. Daga shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya tsananta kuma kuɗin takarda da ɗab'i suka hau, sai aka riƙa samun kundin da ke ɗauke da shekara fiye da ɗaya a bangonsa. Amma ƙidayar ta ci gaba a jere, ba a koma ɗaya ba. Amfanin haka ya bayyana a ayyukan masu tattara sunayen rubuce-rubuce, irin su Paul Newman, wanda ya fitar da littafinsa na jerin ayyukan da aka yi a kan Hausa da harsunan Cadi a 1996, ya kuma ci gaba da faɗaɗa shi a intanet. Lambar kundi kaɗai ta isa ta kai mai nema ga bugun da yake so, ko da an saɓa a kan shekara. Jinkiri aibi ne mai sauƙi muddin lamba ba ta maimaitu ba.

4.0 Daga Takarda zuwa Intanet

A zamanin takarda, mujalla tana da maƙiya sanannu: gara, da ɗigar ruwan damina, da ƙura, da gobara, da mai aro ya hana. Amma tana da kariya guda wadda ba a cika lura da ita ba, wato warwatsuwa. Idan an buga kwafi ɗari-ɗari, wasu za su tafi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, wasu Gidan Arewa a Kaduna, wasu Sakkwato, wasu Landan, wasu kuma akwatunan malamai. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 na duk abin da ya buga, gwamnatin jiha kwafi 10, ta tarayya kwafi 25. Wuta ba ta cin waɗannan wurare a rana ɗaya.

Mujallar intanet ta juya wannan al'amari. Dubban mutane suna iya karanta ta a lokaci guda, daga Rano har Yamai, amma sau da yawa asalinta yana kan kwamfuta ɗaya tak. Ana sabunta rajistar sunan shafi ne da kuɗi, lokaci bayan lokaci. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, ko wanda ke riƙe da kalmar sirri ya bar aiki, ko jami'a ta sake fasalin shafinta, sai mujalla ta shuɗe gaba ɗaya, tun daga kundi na farko har na ƙarshe. Dogon yajin aikin malaman jami'o'i, kamar na 2020 da ya kai wata 9 da na 2022 da ya kai wata 8, lokaci ne da irin wannan wa'adi zai iya cika babu mai kula.

4.1 Abin da Bincike Ya Nuna

Wannan ba fargaba ce kawai ba. Laakso da Matthias da Jahn (2021) sun gano mujallu 174 na karatu kyauta waɗanda suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019, ba tare da an same su a wata cikakkiyar taska ba. Klein da abokan aikinsa (2014) sun nuna cewa maƙala ɗaya cikin kowace biyar a fannonin kimiyya da fasaha da likitanci tana fama da ruɓewar madogara, wato adireshin intanet da ta ambata ya mutu ko abin da ke cikinsa ya sauya. Martin Eve (2024) ya bincika maƙalu sama da miliyan 7 masu lambar DOI, ya tarar kusan kashi 28 cikin 100 ba su bayyana a ko ɗaya daga cikin manyan taskokin da ya duba ba. Idan haka lamarin yake ga maƙalun da suka kai ga samun DOI, to na mujallun sassan jami'a da ba su da ita sun fi zama cikin haɗari.

4.2 Lambar ISSN da Lambar DOI

ISSN lamba ce mai alƙaluma 8 da ake ba mujalla, ta ƙarshensu ta tantancewa ce, kuma takan zo da harafin X. Cibiyarta ta duniya tana Faris, a Nijeriya kuwa Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Ƙa'idarta ita ce bugun takarda da na intanet kowanne da lambarsa, sannan akwai ISSN-L da ke ɗaure su. Idan sunan mujalla ya sauya sauyi mai muhimmanci, sai an karɓi sabuwar lamba. Sake ƙidaya kaɗai ba tare da sauya suna ba, ba ya jawo sabuwar lamba, kuma a nan ne haɗarin da aka gani a 3.2 yake.

DOI kuwa lamba ce ta maƙala ɗaya, wadda hukumomi irin su Crossref, da ta fara aiki a 2000, suke yi wa rajista. Akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu cewa maƙalar da ta sami DOI ta tsira. DOI alama ce mai nuna hanya. Ba ta ajiye maƙalar, adireshinta kawai take riƙewa, kuma mawallafi ne ke da alhakin sabunta adireshin idan ya sauya. Idan shafin mujalla ya mutu kuma babu kwafi a wata taska, lambar za ta ci gaba da nuna kango.

4.3 Taskokin Adanawa da Yadda Suke Lissafi

Tsarin LOCKSS ya faro ne a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1999. Hikimarsa ita ce a ajiye kwafi da yawa a ɗakunan karatu daban-daban, kwamfutocin su riƙa kwatanta abin da ke hannunsu, wadda nata ya lalace ta gyara daga na sauran. A kan wannan fasaha aka gina CLOCKSS, wadda ke rufe abin da aka ba ta ajiya har sai mawallafi ya daina samar da shi, sannan ta buɗe shi kyauta ga kowa. Portico, da aka ƙaddamar a 2005, tana yin irin wannan aiki. Ga ƙananan mujallu kuwa, ƙungiyar PKP, mai manhajar OJS da mujallun Afirka da dama suke amfani da ita, tana da taskarta ta kyauta, kuma daga cikin sharuɗɗan shiga akwai mallakar ISSN. Shirin JASPER ya haɗa DOAJ da CLOCKSS da Internet Archive da PKP da Keepers Registry domin taimakon mujallun da ba sa karɓar kuɗi daga marubuta.

Keepers Registry, wadda cibiyar ISSN ta Faris take gudanarwa tun 2019, ita ce rajistar da ake duba ko an adana mujalla. Idan aka shigar da ISSN, sai ta nuna taskar da ta ajiye mujallar, da kundayen da ke hannunta. A nan ne jigon wannan maƙala yake. Taska ba ta san abin da aka taɓa bugawa ba, abin da aka ba ta kawai ta sani. Ana gane giɓi ne ta hanyar auna jerin da ke hannunta da jerin da ya kamata a samu. Mujallar da ke da kundi na 1 guda biyu, ko wadda ta tsallake lamba ba bayani, ko wadda bugun takarda da na intanet suka saɓa a lamba, rajista za ta iya nuna ta cika alhali rabinta babu.

4.4 Haruffa Masu Lanƙwasa

Akwai matsalar da ta keɓanta ga mujallun Hausa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an riƙa buga ɓ da ɗ da ƙ da wasu nau'o'in haruffa na musamman, irin su Rabi'at, waɗanda suka ɗora haruffan a kan maɓallan wasu alamomi. Sun yi wa Hausa hidima babba a lokacinsu. Sai dai idan aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da irin wannan harafi, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓata ta koma ~ata. Wasu kuma suna amfani da q da x da v a madadinsu. Ko da shafin ya fito daidai a ido, abin da ke ƙarƙashinsa alamomin nan ne, don haka wanda ya nemi kalmar ƙasa a injin bincike ba zai sami maƙalar ba. Idan sunan marubuci Ɗangambo ne ko Ɗanfodiyo ya fito a take, rajistar DOI za ta ɗauki gurɓataccen suna ta raba wa duniya. Unicode ya tanadi gurbi ga kowanne: U+0253 ga ɓ, U+0257 ga ɗ, U+0199 ga ƙ, U+01B4 ga ƴ. Fayil ɗin da aka adana shekara 50 amma ba a iya nemo shi, ajiyarsa ba ta cika ba.

5.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, sake ƙidaya ba ita ce ke kashe mujalla ba, rashin rubuta tarihin sauyin ne, kamar yadda kwatancin mujallar Landan ya nuna. Na biyu, maimaita lamba ƙarƙashin suna ɗaya yana haifar da adireshi ɗaya ga maƙalu biyu, kamar na Al-Hajj da Last. Na uku, ɗorewar ƙidaya tana rage illar jinkiri, kamar yadda aka gani a Harsunan Nijeriya. Na huɗu, ɗora mujalla a intanet da samun DOI ba su ne adanawa ba. Adanawa ita ce a sami kwafi a hannun wata hukuma daban, wadda za ta iya faɗin kundayen da ke hannunta ɗaya bayan ɗaya.

6.0 Shawarwari

1. Kada sabon kwamitin editoci ya koma kundi na 1. Mujalla ta sashe ce, ba ta shugaban da ke kan kujera ba. Idan an yi tsaiko, a ɗora daga inda aka tsaya.

2. Idan jinkiri ya auku, a rubuta shekarar da kundin yake wakilta da kuma ainihin watan da ya fito. Mayar da kwanan wata baya yana rikita tantance wanda ya riga wani fitar da ra'ayi.

3. Kowace mujalla ta wallafa rajistar duk fitowarta tun daga farko: kundi, fitowa, shekara, adadin shafuka, da shekarun da ba a fito ba. A sa ta a shafin mujalla, a kuma buga ta a ƙarshen kowane kundi.

4. Bugun takarda da na intanet su ɗauki lambar kundi da ta shafi iri ɗaya, kowanne da ISSN ɗinsa.

5. A shigar da mujalla aƙalla taska ɗaya da Keepers Registry ta sani, a kuma riƙa duba rajistar sau ɗaya a shekara. A ajiye fayil a tsarin PDF/A, wanda aka tsara domin dogon ajiya tun 2005.

6. A wajabta Unicode ga marubuta, a kuma juya tsofaffin fayiloli kafin a ɗora su.

7. Rajistar sunan shafi da kalmar sirri su kasance da sunan sashe ko ɗakin karatun jami'a, a hannun mutum fiye da ɗaya.

8. Hukumar TETFund, da ke tallafa wa buga mujallun manyan makarantu, ta sanya shaidar ajiya a taska cikin sharuɗɗan tallafinta.

9. Wajen ɗaukar hoton tsofaffin mujallu, a fara da tsara cikakken jeri, a bambance tsohon jeri da sabo a cikin bayanan kowane fayil, sannan a shiga neman fitowar da ta yi ƙaranci a hannun tsofaffin malamai da iyalansu.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun madogarai uku na tarihin kudancin Kano, ta nuna yadda tsarin ƙidaya yake sauƙaƙa ko tsananta samun su. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma maƙalun 1968 da 1979 har yau ana kafa hujja da su. Maƙalun da ake rubutawa yanzu a Algaita da Harshe da Ɗunɗaye da sauran mujallun Hausa, a kan karin harshen kudancin Kano, da waƙoƙin fadar Rano, da sana'o'in Kibiya, su ne tsohuwar zumar masu bincike na shekara 50 masu zuwa. Yawancin gyaran da aka ambata ba kuɗi mai yawa yake buƙata ba. Rajistar fitowa aikin zama ɗaya ne na kwamitin editoci da ma'aikacin ɗakin karatu, kuma daga ita ya kamata kowace mujalla ta fara, domin sai an san adadin abin da aka buga sannan za a iya sanin abin da ya rage a nema.